Don Allah a ba ni shawara kan bawul ɗin amfilifayar jita, biki ya matso

Nura Jita: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, hankalina ba a kwance yake ba. Amfilifayar da nake kiɗa da ita ta yayana ce, Allah Ya jiƙansa. Shi ya koya min jita tun ina aji uku a sakandare, a soron gidanmu a Fagge. Lokacin Baba ba ya son jin ƙararta, sai mun jira ya tafi kasuwa. Tokunbo ya saye ta a hannun wani mai kiɗan coci a Sabon Gari, biya uku ya yi, har kekensa ya sayar ya cika kuɗin. Da ita yake raka 'yan Agadas idan sun zo biki Kano, kuma duk wanda ya san shi ya san muryar nan. Da ya rasu matarsa ta ce in ɗauka, ni na fi kowa sanin darajarta. Shekara huɗu tana hannuna.

Yanzu wata biyu ke nan muryarta ta dishe, in ta yi zafi kuma sai ta riƙa ƙarar tartsatsi. Shekaranjiya muna gwaji na leƙa baya, na ga ɗaya daga cikin manyan bawul biyun, wato kwalaben gilashin da ke ninka murya, ya yi jawur kamar garwashi, na yi maza na kashe. Manyan an rubuta musu 6L6GC, ƙanana guda uku ne, amfilifayar wat 40 ce. Ina da biki nan da kwana 18, na karɓi kafin alƙalami, na ma kashe shi. Abokina zai dawo daga Caina mako mai zuwa, wane iri zan ce ya sayo? Wani ya ce min bawul EL34 ya fi zaƙin murya.

Abba Fiyano: Allah Ya jiƙan yaya. Ni dai shawarata ka lulluɓe ta ka ajiye don tarihi, ka sayi ƙaramin fedal na zamani, na'urar sarrafa muryar jita da ake takawa da ƙafa, ka jona a mikisa. Mu a Zoo Road da shi muke ɗaukar jita, babu wanda ya taɓa cewa ya ji bambanci. Masu biki ma ba murya suke saurara ba. Ni wata uku ke nan ina bin cikon kuɗin wata dina, uwar amarya ta daina ɗaga wayata, kuma yaran da suka ɗauki kaya daga aljihuna na sallame su.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Nura, kafin komai, kada ka sake kunna ta. Ɗan hasken da kake gani a tsakiyar kwalba na hita ne, wayar da ke ɗumama bawul, wannan lafiya. Amma in farantin ƙarfen da ke ciki ne ya yi ja, to wuta ce take bi ta cikinsa fiye da ƙima, kuma in ka matsa zai iya tafiya da taransifomar da ke kai murya sifika. Wannan ta fi bawul biyar ɗin tsada, kuma ka zaga France Road kaf da wuya ka same ta. Na fara gyaran rediyo mai bawul tun ba a haife ka ba, ka ji abin da zan faɗa maka.

Maganar EL34 ka manta da ita. Gindinsu ɗaya da 6L6, ƙafa takwas, zai zauna a soket daram, shi ne yake ruɗin mutane. Amma hitar EL34 amfiya 1.5 take ja, ta 6L6 kuwa 0.9. Guda biyu ke nan amfiya 3 maimakon 1.8, a kan taransifomar da ba a yi ta don wannan nauyin ba. Ƙafa ta 1 ma ba aiki ɗaya take yi a wurinsu ba. Abin da ka tarar shi za ka mayar, 6L6GC. Kuma tagwaye ake saye, waɗanda aka auna aka ga ƙarfin jansu ɗaya, don aikin karɓa-karɓa suke yi, wannan ya tura wannan ya ja. Bayan an sa sai a saita bayas, wato yawan wutar da bawul yake ja lokacin da ba a kiɗa. 6L6GC wat 30 yake ɗauka, ana tsayar da shi a kashi 70 cikin ɗari, wat 21 ke nan. In farantin yana kan bolt 430, ka raba 21 da 430, kusan miliamfiya 49 ga kowanne. Ni duka biyar ɗin zan canza in huta.

Tambaya biyu. Ta Amurka ce mai bolt 120 ko mai 230? Kuma akwai wanda ya taɓa cikinta kwanan nan?

Nura Jita: Na gode Baba. Mai 120 ce, da taransifomar rage wuta nake kunna ta, wadda yaya ya bari. Wancan watan na kai wa mai gyaran layinmu, ya ce babba ɗaya ya gaji, ya ciro wani 6L6 daga tsohuwar amfilifayar masallaci ya sa min. Ƙaramin farko ma ya canza, ya sa wanda aka rubuta 12AU7, sauran biyun 12AX7 ne. Amma mutumin kirki ne wallahi, ko sisi bai karɓa ba, tare suka tashi da yaya.

Baba Injiniya: To ai da wannan ya kamata ka fara. Kirki daban, awo daban. An haɗa maka bawul biyu da ba su san juna ba, kuma na tabbata bai taɓa bayas ba. Shi kuma 12AU7 ƙafafunsa tara ne kamar 12AX7, ba zai ƙona komai ba, amma ƙarfin ninka muryarsa kusan 20 ne, na 12AX7 kuwa 100. Ga inda muryarka ta tafi. Wanne ne ya yi ja, na yaya ko na masallaci?

Nura Jita: Baba, dishewar ta riga zuwa wurinsa, shi ya sa ma na kai. Ba na so a ɗora masa laifi.

Bulus Bas: Sannu Nura, Allah Ya ba da haƙuri. Baba, da girmanka, ban yarda da canza duka biyar ba. Ƙananan suna yin shekaru da yawa, kuma ba sa bukatar saita bayas, cirewa ne da sawa. Watakila muryar da Nura yake nema tana cikin tsofaffin nan biyu da suka rage. Ya sayi 12AX7 ɗaya mai kyau ya sa a gurbin farko, na kusa da inda wayar jita take shiga, don shi ne duk ƙarar da ya yi sauran suke ninkawa. Ƙarar tartsatsin kuma sau da yawa ƙurar hunturu ce a soket. A cocinmu duk watan Fabrairu sai mun fesa maganin wanke soket, mu sa bawul mu cire sau uku ko huɗu, ƙarar ta ɗauke. Ana kuma ƙwanƙwasa ƙananan a hankali da fensir tana kunne, wanda ya yi ƙara a sifika kamar ƙararrawa shi ne mara lafiya.

Manyan kuma a musanya musu gurbi a kunna na ɗan lokaci ana kallo. In jan ya bi bawul, bawul ne. In ya tsaya a soket ɗin, matsalar a ciki take, ko kafasita ce take yoyo ko layin bayas ne, kuma sabon da za a sa shi ma haka zai ƙone.

Baba Injiniya: Wannan gwajin na kan teburin mai gyara ne, mita a jone, hannu a kan makunni. Ba na yaro shi kaɗai a ɗaki ba. Nura, ko ka zare ta daga wuta, manyan kafasitocin nan suna iya riƙe bolt sama da 400. Kada ka sa hannu a ciki. Kada kuma a kunna ta babu sifika a jone.

Hajiya Mai Kayan Sauti: Ni duk ba wannan ba, da wace wuta kake kunna ta? Kayan haya nake bayarwa shekara tara a Gyaɗi-Gyaɗi, abin da ya fi ci min kaya janaretan masu biki ne. Za a ce akwai babban inji, ka je ka tarar an jona masa firiza biyu da fitilun ado. Ana kashe firiza wuta ta yi sama. Bara sifika huɗu na rasa a dare ɗaya a wani wurin taro, mai wurin ya ce ba ruwansa, har gaban mai unguwa muka je, ban samu ko kwabo ba. Yaran yanzu kuma ka ba su kaya su dawo maka da waya a tsinke ba ko sannu.

Nura Jita: Hajiya, ƙaramin janaretana nake ɗauka, kuma da irinsa yaya ya yi aiki bai taɓa samun matsala ba. Ita kuma sitabilaiza mai daidaita wuta ba na ɗauka, nauyi gare ta, a Adaidaita nake yawo.

Bulus Bas: Maganar Hajiya tana kan hanya. Taransifomar rage wuta rabi kawai take yi, ba ta daidaitawa. In 250 ta shigo 125 za ta fita, in 180 ta shigo 90 ce, ita kuwa hita bolt 6.3 take so. Ga shi kayan Amurka don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa aka yi su, tamu 50 ce, taransifomar ciki ta fi ɗaukar zafi a nan. Shi ya sa ni a Kano ba na kai bayas kashi 70. Da zafin Afrilu da wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, 60 ya isa, kusan miliamfiya 42. Bawul ya fi daɗewa.

Baba Injiniya: A 60 muryar bushewa take yi. Yaron nan murya yake nema. Saba'in na ce.

Sadik Waya: Kan sayen, kamfanonin bawul da suka rage ba su da yawa. Akwai JJ a Silobakiya. Akwai masana'antar Saratob a Rasha, daga nan Sovtek da Electro-Harmonix da sabon Tung-Sol duk suke fitowa, suna ne ya bambanta. Sai na Caina. A 2022 da aka fara yaƙin Yukiren, Rasha ta sa takunkumin fitar da su, suka yi ƙaranci, kuɗi ya tashi ko'ina. Abokinka ya san jita? In bai sani ba, a kasuwa za a miƙo masa biyu daga kwali a ce tagwaye ne. Na gaske za ka ga lambar awo a manne a kwalin kowanne, lambobin sun yi daidai. Ya duba saman kwalbar kuma, tabon nan mai sheƙi kamar madubi. In ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ya mutu. Ni na taɓa yin odar kaya ta intanet, wata biyu suna hanya, suka iso a fashe, mai kawowa ya ce in kai ƙara inda na ga dama.

Nura Jita: Kayan waya yake sarowa, amma mai amana ne, zan tura masa hoton rubutun jiki. Ba ni da lokacin oda. Kuma gaskiya mai gyaran layinmu zan mayar wa, in na kai wani wuri zai ji ba daɗi, kullum sai mun haɗu a masallaci.

Baba Injiniya: Ka tambaye shi ko ya san inda ake auna bayas a jikinta. In ya yi shiru ka kawo min Sabon Gari, shi ma ya biyo ka ya gani, ba abin kunya ba ne. Har yanzu ba ka faɗa min wanne ne ya yi ja ba.

Abba Fiyano: Kwana 18 fa. In aka makara ka zo ka ari fedal ɗina.

Nura Jita: Na gode Abba, amma masu bikin dangin matar yaya ne, saboda amfilifayar nan suka kira ni. Baba, na hagu ne in kana kallo ta baya, ban riƙe ko wanne ne a cikinsu ba. Tsohon babban da aka cire yana nan, na naɗe shi a tsumma. Jibi muna da gwaji a Kurna. In na mayar da shi gurbinsa na rage murya sosai, awa ɗaya kawai, zai yiwu?