Neman shawara: Na tarar da tsohuwar bola a ƙarƙashin filin da na saya

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Bara na sayi fili a wata unguwa cikin birnin Kano, kuma a makon jiya leburori suka fara haƙa fandisho. Ba su kai gwiwa ba sai ƙasar ta koma baƙa wuluk, tana fitowa da leda, da tsofaffin silifas, da fasassun kwalabe, da ƙananan batura da suka ruɓe. Da suka ƙara nitsawa sai leda ta ƙare, aka shiga toka da ƙasusuwa da tsingaro. Wani dattijo maƙwabcina ya ce wurin kududdufi ne a da, shara ce ta cike shi. Ina da ƙananan yara uku, uwargidana tana son shuka alayyafo da zogale a tsakar gida, ni kuma na yi niyyar haƙa rijiya. Shin in ci gaba da aikin?

Wani tsohon magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ka gani ba baƙo ba ne a birni. Yawancin kududdufan nan ramuka ne da aka ɗebi ƙasar tubali da ta ganuwa, sai ruwa ya kwanta, mutane kuma suka mai da su wurin zubar da shara. Ƙasar ciko ba ta ɗaukar nauyi, domin abin da ke cikinta yana ci gaba da ruɓewa yana lotsawa, shi ya sa za ka ga gida sabo fil bangonsa ya tsage bayan damina biyu. Kada ka bari a zuba kankare sai an tarar da ƙasar asali, idan kuma ramin ya yi zurfi, ka nemi injiniya ya zana maka fandishon da ya dace.

Wani malamin kimiyyar ƙasa: Malam, abin da leburorinka suka tono tarihin unguwar ne a jere. Na can ƙasa, mai toka da tsingaro, sharar zamanin da ake girki da itace da tukunyar ƙasa ce, kuma irinta manoman karkarar Kano suka daɗe suna kwasa a mangalar jaki suna kaiwa gona a matsayin taki. Wannan bai cika tayar mini da hankali ba. Na saman ne abin dubawa, musamman idan ka ga ledar fiya wata, wadda ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1990.

Ganye da ragowar abinci suna ruɓewa su ƙare, amma dalma, ƙarfen nan mai guba, ba ta ruɓewa. Inda ta sauka nan take zama, ko da bayan shekara ɗari. Tana shiga bola ta batirin mota da aka fasa, da ɓawon tsohon fenti, da ƙurar bakin titi ta lokacin da ake zuba ta a fetur, kafin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara su daina a ƙarshen 2005. Ƙona shara, da muke ganin kamar tsafta ce, tattara ƙarafa irin su dalma take yi a cikin toka. A garin Kabwe na Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau ƙasar unguwannin tana cutar da yara. Ka kuma tambayi dattijon nan ko an taɓa jima ko gyaran batir a kusa, domin jimar zamani tana barin sinadarin kuromiyam. Ido ba ya gane ko ɗaya daga cikinsu, sai gwaji.

Wata ma'aikaciyar lafiya: Alhaji, ni yaran ne damuwata. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, kuma maganin da aka yi a ƙauyen Bagega na jihar a 2013 shi ne kwashe ƙasar sama a shimfiɗa mai tsabta. Ka daɓe tsakar gidan da siminti. Hajiya ta yi shukarta a buhuna da ƙasar da aka kawo daga wani wuri, ta riƙa wanke ganyen sosai. Rijiya kuwa a cikin ciko, ban ba ka shawara ba, ko don wanke-wanke.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ta yaya ake ɗibar ƙasar gwajin?

Malamin kimiyyar ƙasa: Ka ɗiba daga wurare biyar ko shida, ta sama daban, ta cikin ramin daban, kowace a leda mai tsabta da rubutun inda aka ɗebo ta. Ka tuntuɓi sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ka faɗa musu ƙarara cewa dalma da sauran ƙarafa masu guba kake son a auna, domin gwajin da aka saba yi wa manoma na ƙarfin taki ne. Kafin sakamako ya fito, a yayyafa wa tulin ƙasar da aka tono ruwa, a rufe shi, kada yaran unguwa su hau.