Neman kalma: me za mu kira "Alford plea" da Hausa?

Ɗan-Rediyo: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza, ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo. Shirin yau a kan 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka ne da ke faɗawa hannun hukuma, da irin horon da ƙungiyoyinsu ke yi musu. Na ɗauko misalin Joe Mixon na Jami'ar Oklahoma. A Yulin 2014, yana da shekara 18, ya naushi wata ɗaliba a wani gidan abinci a garin Norman, ya karya mata ƙasusuwan fuska. Aka dakatar da shi kakar 2014 sukutum. A kotu kuma, cikin Oktoba, ya yi abin da suke kira "Alford plea". Nan na maƙale. In na ce ya amsa laifi, na yi masa ƙari. In na ce ya musanta, na yi ƙarya.

Hajiya Lauya: Wa alaikumus salam. Sunan mutum ne, Henry Alford, wanda aka tuhuma da kisan kai a North Carolina a 1963. Ya ce bai kashe ba, amma ya ga shaidu sun yi masa yawa, kuma in aka je shari'a yana iya fuskantar hukuncin kisa. Sai ya karɓi tuhuma mai sauƙi, aka ba shi shekara 30. A 1970 Kotun Ƙolin Amurka ta ce irin wannan amsawa ta halatta. Wato bakinka na cewa ban yi ba, amma ka yarda hujjar masu ƙara ta isa a kama ka, kotu kuma ta rubuta ka a matsayin wanda ya amsa.

Baba Mai Ƙamus: Abu mai sauƙi. Amsa-musu. Ya amsa, ya kuma yi musu. Gaɓa huɗu, ga daɗin faɗi, kuma ginin Hausa ne tsantsa irin faɗi-tashi da kai-komo.

Malam Na Islamiyya: Ranka ya daɗe, ai muna da iƙirari da inkari tun kafin zuwan Bature. A ce iƙirari mai haɗe da inkari.

Hajiya Lauya: Malam, iƙirari shi ne mutum ya ce na aikata. Shi ne fa abin da mai wannan amsawar ya ƙi furtawa.

Ta-Zariya: Baba, tuba nake, amma duk wanda ya ga "amsa-musu" a rubuce zai ɗauka cewa aka yi a amsa wa wasu mutane. Ya amsa musu. Su wa?

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, a rediyo za a faɗa, kunne zai raba. Ko an daina kiran mutum baba don akwai baban rini? Su kuma iƙirari da inkari Larabci ne zalla. Kullum sai aro, kamar harshen ya talauce.

Malam Na Islamiyya: To Baba, a mayar da alƙali da shari'a da hukunci, a mayar wa Bature kotu da lauya. Ƙamus ɗin da ke cikin sunanka ma a mayar.

Ɗan-Maraɗi: Ku tsaya. Tun daga sama aka yi kuskure ba wanda ya tanka. Wace ƙwallo? Mai saurare zai zaci irin ta Kano Pillars ce, alhali da hannu ake rungumar abin nan a sheƙa. Zari-ruga ke nan. Amma na sani in ba daga Kano magana ta fito ba, ba ta zama Hausa.

Ta-Zariya: Zari-ruga wasa ne daban, yayana. Can ba a jefa ƙwallo gaba, ba kuma hular kwano. Kano ba ta yi maka komai ba yau.

Ɗan-Rediyo: "Ƙwallon Amurka" na rubuta, an wuce nan. Saura awa ɗaya da rabi, don Allah a dawo kotu.

Ta-Zariya: Miƙa wuya fa? Ya miƙa wuya ga hukunci ba tare da ya ce ya yi ba. Amma ni kalmar da ta fi damuna a rubutunka ita ce dakatarwa. A lokacin, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kaka huɗu, don haka shekarar da ya zauna ba ta rage masa komai a lissafi ba. Ya dawo fili a 2015. Kotu ta jinkirta hukunci na shekara ɗaya, ta sa shi aikin al'umma na awa 100. Sai da bidiyon naushin ya fito a Disambar 2016 kocinsa Bob Stoops ya nuna cewa da a 2016 abin ya faru, kora ce kawai mafita. A 2017 kuma ƙungiyar ƙwararru ta Cincinnati Bengals suka ɗauke shi. In ka ce an dakatar da shi ka yi shiru, ka yi wa jami'ar kwalliya.

Ɗan-Rediyo: Wannan zai shiga, na gode. Miƙa wuya kuwa ya yi mini kama da labarin 'yan bindiga.

Baba Mai Ƙamus: Shi ya sa na ce amsa-musu. Da a Turanci aka ƙirƙiro ta, da tuni kun haddace.

Hajiya Lauya: Ƙanena, kada ka tsaya neman kalma guda. Ka ce "amsawar Alford" sau ɗaya, ka bi ta da bayani: ya karɓi tuhuma a gaban kotu, bakinsa bai ce na aikata ba. Kada dai ka ce sasantawa, wannan wani babi ne.

Ɗan-Rediyo: Da ita zan shiga. Baba, zan ambaci taka a ƙarshe in ji ra'ayin masu kira.

Baba Mai Ƙamus: Kalma goma sha biyu a gurbin ɗaya, kuma sunan Bature a tsakiya. Ba komai. In za ka faɗi tawa, ka ja wasalin ƙarshe da kyau, kada ka ba Ta-Zariya gaskiya a banza.

Ɗan-Maraɗi: Maganar zari-ruga dai ba a gama ba.