Wai me za mu kira sikirinin da Hausa?

Jama'a a taimaka min. Aikina a Amurka saka lambobin cuta ne a takardun kuɗin asibiti, tsarin ICD-10-CM ɗin nan da suka koma kansa tun Oktoban 2015, kuma duk sanda zan yi wa mutanenmu bayanin bil ɗinsu sai in maƙale a kalmar sikirinin. Gwaji ne da ake wa mutum lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai, shekarunsa ne kawai suka kai a duba shi. Lambarsa da Z take farawa, Z13.1 ta ciwon suga, Z12.31 ta hoton mama, Z12.11 ta kansar hanji. Amma in ya zo yana kukan ƙishirwa da yawan fitsari to magana ta canza, abin da ya kawo shi za a rubuta, kuma nan rigimar kuɗi take, don dokar inshorar lafiya ta Obamacare ta 2010 kuɗin gwajin mai lafiyan ta ɗora wa inshora, na mai kukan ciwo kuwa sau da yawa sai ka taɓa aljihunka.

— Tantancewa mana Hajiya, ai ita ake ji a rediyo.

— A'a Malam, wannan ta ministoci ce a majalisar dattawa. Ka ce wa tsohuwa za a tantance ta, sai ta ce aikin me ta nema.

— Gwajin rigakafi fa?

— Zai rikice da allura. Allurar rigakafi lambarta daban, Z23, ita ɗaya tal ko ta mura ce ko ta ƙyanda, irin allurar kuma lambar CPT, wato lambar aikin da aka yi wa mutum, ke nuna shi. Kuma gwaji ba ya hana ciwo zuwa, da wuri dai yake kama shi.

— To awo? Mai ciki ai lafiya lau take zuwa awo.

— Wallahi Anti kin yi kusa, sai dai ki ce wa magidanci ɗan shekara 45 ranar awonsa ta zo ki ga kallon da zai miki.

— Gwajin ko-ta-kwana. Ba a ga komai ba, an dai shirya.

— Yauwa, wannan ta zauna! Ɗayan kuma gwajin gano cuta. Ko an leƙa hanji an tarar da ɗan tsiro, Z12.11 ce dai a gaba, K63.5 ta tsiron ta biyo baya, tunda da niyyar ko-ta-kwana mutumin ya shigo.