Wane littafi zan fara da shi a kan ɗariƙar Buda ta Jodo Shinshu?

Mushen Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Na san tambayar nan za ta yi wa wasu banbaraƙwai, amma ku ji dalilina.

Mahaifinmu ya rasu wata uku ke nan, Allah ya jiƙansa. Ina ɗan firamare ya yi wa wani injiniya ɗan Japan tuƙi, a aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Mirya da Magariya, zamanin da ake fama da kurkunu. Shekara biyu suna mota ɗaya. Baba ya sha ba mu labarinsa. In azahar ta yi, mutumin da kansa yake cewa a tsaya, ya sauka ya zauna a inuwar gawo har Baba ya sallame. In kuma inji ya huda dutse ruwa ya yi tsiri, yara na ihu mata na guɗa, shi sai ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, ya sunkuyar da kai, yana wani "namandabu, namandabu" ƙasa-ƙasa. A gidanmu har yau Namandabu muke ce masa.

Da muka sanar da shi rasuwar, sai ga wasiƙarsa makon jiya. Ya haura tamanin yanzu, kana ganin rubutun ka san hannun yana rawa. A ciki ya saka wata farar takarda mai kauri, baƙaƙe shida irin nasu daga sama zuwa ƙasa da baƙar tawada, a bayanta ya rubuta Namu Amida Butsu da Jodo Shinshu da harufan boko. Inna ta sa na ajiye ta a akwatin Baba, kusa da lasisin tuƙinsa.

Ba na so in amsa wa dattijon nan alhali ban san me ya aiko mana ba. Kwana uku ina bin intanet, ba abin da nake gamuwa da shi sai hotunan furanni da gajerun maganganu wai "Buda ya ce", ba sunan littafi ba babi, kuma kusan duka a kan Zen, wata ɗariƙar Buda ta daban. Ni Musulmi ne, ba addini nake nema ba, so nake in fahimci mutumin da ya mutunta sallar mahaifina. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, Faransanci ba ya ba ni wahala, Turanci kuwa sai da ƙamus a gefe. Wane littafi zan fara buɗewa?

Ƴar Birni:

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Falsafa na karanta a jami'ar Yamai, a nan na fara cin karo da wannan ɗariƙa. Shawarata ka bi abin yadda ake bin karatun zaure: ba a kai yaro Risala bai yi Ahalari ba. Ka fara da asalin koyarwar Buda, don ita ce kowace ɗariƙa ta tsaya a kai. Ɗan littafin Walpola Rahula, malamin Buda ɗan Siri Lanka, yana nan da Faransanci da sunan L'enseignement du Bouddha. A ciki za ka gane me suke nufi da wahala, da sake haihuwa bayan mutuwa, da nirbana.

Daga nan ka koma kan wanda ɗariƙar ta samo asali daga gare shi, Shinran, da aka haifa a 1173 ya rasu a 1263. Jérôme Ducor, ɗan Suwizalan da ya yi karatu a Japan kuma shi kansa ɗan ɗariƙar ne, ya rubuta ɗan littafi a kan rayuwarsa: Shinran, un réformateur bouddhiste dans le Japon médiéval. Kai da kake malamin tarihi za ka ji daɗinsa. Shinran yana ɗan shekara 9 aka kai shi dutsen Hiyei kusa da Kyoto, ya yi shekara 20 yana ta ibada da horon kai, har ya sallama cewa ƙoƙarinsa ba zai fisshe shi ba. A 1201 ya sauko ya bi malami Honen, wanda ke koyar da cewa kiran sunan Buda Amida kaɗai ya wadatar. A 1207 hukuma ta tarwatsa su, aka kori Shinran zuwa Ecigo, wato yankin Niigata na yau, aka tuɓe masa rigar sufanci. Ya yi aure ya haihu, yana cewa shi ba sufi ba ne kuma ba ba'ame ba ne. Wasiƙun matarsa Eshinni sai a 1921 aka gano su a Kyoto.

Baƙaƙe shidan da ke takardarka su ne Namu Amida Butsu, ma'ana na dogara ga Buda Amida. "Namandabu" kuwa shi ne dai, baki ya taƙaita shi don yawan faɗa.

Na Sabon Gari:

Malama, ki yi mini aikin gafara, ban yarda a fara da Rahula ba. Littafi ne mai kyau, amma na ɓangaren Terabada ne, na Siri Lanka da Tailan, inda ake cewa mutum shi zai ceci kansa da tarbiyya da zuzzurfan tunani. Ni da shi na fara, shi ya sa da na zo kan Shinran na rikice, na ɗauka ma ba addini ɗaya ba ne. Shinran ya raba hanya biyu: jiriki, ƙarfin kanka, da tariki, ƙarfin wani, wato alƙawarin Amida. Ya ce mutum irinsa, mai son zuciya da fushi, ba shi da abin kaiwa ta hanya ta farko. Wanda ya cika kansa da Rahula zai yi ta auna dattijon nan da mudun da ba nasa ba.

Ni da zan ce, Mushe ya tafi kai tsaye ga Tannisho. Ƙaramin littafi ne, sashe 18, ana jingina shi ga almajirin Shinran mai suna Yuyen. Goma na farko maganganun malamin ne kamar yadda almajirin ya ji su, sauran takwas kuma kukan almajirin ne a kan yadda mabiya suka karkata bayan rasuwar malamin. Ducor ɗin nan da Malama ta ambata ya fassara shi zuwa Faransanci. Zama ɗaya bayan isha'i ya ishe ka ka kai ƙarshe, sai dai za ka koma masa. A sashe na 3 ne yake cewa in mutumin kirki zai samu haihuwa a Tsarkakakkiyar Ƙasa, wato ƙasar Amida, to ina ga mugu. Kar ka karanta wannan ba sharhi, don tun zamaninsu wasu suka ɗauke shi lasisin ɓarna, har Shinran ya tsawata musu cewa ba a shan guba don an san akwai magani. Rennyo ma, jagoransu na takwas da ya rasu a 1499, ya rubuta a ƙarshen littafin cewa kar a nuna shi ga kowa da kowa.

Babban littafin Shinran, Kyogyoshinsho, ka bar shi tukuna. Kundi ne na nassoshi da sharhi, ko su Japanawa sai da malami.

Batun samu: kar ka wahalar da kanka a kasuwar Dole ta Damagaram, littattafan lakwal da na addini za ka tarar. Fassarar ayyukan Shinran zuwa Turanci da hedikwatarsu ta Kyoto ta fitar a 1997 tana intanet kyauta, har da Tannisho da wasiƙunsa. Ka sa a buga maka shafukan a wurin masu fotokofi na bakin jami'a, ka riƙa rubuta fassara a gefe da fensir. Na Faransanci kuwa sai saƙo, ta hannun ɗalibi ko ɗan kasuwa mai dawowa daga Faransa.

Dattijon Garin Malam:

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ban hana ka karatu ba, malamanmu na da sun rubuta littattafai a kan addinai da ƙungiyoyi don a san su yadda suke. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In kana karatun, zuciyarka za ta riƙa ce maka ai wannan tawakkali ne, wancan zikiri ne, Tsarkakakkiyar Ƙasa kuma aljanna ce. Ka tsawata mata. A wurinsu Amida ba mahalicci ba ne, cewa suke wani sufi ne da ya ɗauki alƙawura 48 har ya zama Buda, kuma ƙasar tasa wurin kaiwa ga matsayin Buda ce, ba gidan sakamako bayan hisabi ba. In ka cakuɗa, ka zalunci tauhidinka, ka kuma zalunci mutumin, don ka sa masa magana a baki. Ka bar kowane a kwanonsa.

Wasiƙa kuwa kar ta jira littafi ya iso daga Faransa. Mai shekara tamanin ba a ce masa sai baɗi.

Ƴar Birni:

Baba na Garin Malam ya yi gaskiya, kuma Na Sabon Gari na karɓi gyaranka rabi: Mushe ya karanta babobin farko na Rahula don kalmomi kawai, ya san na wani ɓangare ne.

Na manta abin da ya fi shafar takardarka. Ka duba sashe na 5 na Tannisho. Shinran ya ce bai taɓa kiran sunan nan ko sau ɗaya don ya amfanar da iyayensa da suka mutu ba, saboda ba aikinsa ba ne balle ya kai ladan ga wani. A koyarwarsu kiran sunan godiya ce, ba roƙo ba. Ke nan abin da ya aiko ba irin addu'ar uku ko ta arba'in da muke yi wa mamaci ba ne. Ka tuna lokacin da mahaifinka ya ce dattijon yana faɗinsa: sa'ad da ruwa ya riga ya fito, ba lokacin da ake nemansa ba.

Mushen Zango:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta ƙarshe na karanta wa Inna da daddare, ta yi shiru, can ta ce ashe godiya yake yi. Tun zuwan takardar hankalinta bai kwanta da ita ba, tana tsoron ko wani abin tsafi ne muka saka a akwatin Baba.

Baba na Garin Malam, na bi umarninka. Yau da safe na rubuta wasiƙar, na gaya masa yadda aka yi jana'iza, na ce masa ɗaya daga famfunan da suka kafa a hanyar Mirya har yanzu mata na bin layi a kansa. Na buga sashe goma na farko na Tannisho, jaka ɗaya da ɗari biyu suka ci mini, na kai na uku da ƙamus. Akwai kalmar shinjin da ke ta dawowa, mai fassarar bai juya ta ba ya bar ta da Japananci. Na Sabon Gari, a ta Faransanci yaya aka yi da ita?