Muryar Soprano: Baiwa Ce Ko Sai Da Karatu?

Kawu na Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. 'Yar abokin aikina da ke Barnawa ta gama sakandare bana, ta kafe sai ta karanci waƙar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, da siririyar muryar nan mai hawa sama da ake kira soprano. An gaya wa mahaifinta cewa sai ta yi kusan shekara goma kafin ta tsaya da ƙafarta. Ni a ganina murya baiwa ce daga Allah, makaranta ba ta ƙara wa mai ita komai sai takarda. Marigayiya Barmani Choge wace jami'a ta je?

Malamar kiɗa: Wa alaikumus salam Kawu. Barmani ba ta je jami'a ba, amma shekaru ta yi tana zagaya gidajen biki da ƙwaryarta har muryar ta nuna, wannan ma ai karatu ne. Sai dai opera tana neman wani abu daban. Babu makirufo. Mawaƙiya za ta tsaya a dandamali, a gabanta makaɗa sittin ko tamanin suna goge da busa da ganga, kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji ta. Gidan opera na Metropolitan da ke New York yana cin mutum kusan 3,800.

Mai situdiyo na Kawo: Malama, da girmamawa, wannan da wuya na yarda. Ni kullum da murya nake aiki. Ganga ɗaya ma tana danne mawaƙi idan ban ɗaga masa sauti ba.

Malamar kiɗa: Ƙanena, ai abin da ake zuwa koyo ke nan. Ba ihu ake yi ba. Yawancin ƙarfin kayan kiɗan yana ƙasa-ƙasa ne, ita kuwa ana koya mata yadda za ta saki muƙamuƙi, ta buɗe baki gwargwadon hawan sautin, har kogon baki da maƙogwaro su amsa shi su ƙara masa amo. Sai muryar ta bi ta saman kiɗan ta wuce. A sautin sama da ake sa ran kowace soprano ta kai, tantanin muryarta yana kaɗawa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa guda. Tantanin nan bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Wadda ta matsa masa da ƙarfin tsiya za ta ji masa rauni.

Shugabar mawaƙa ta Sabon Tasha: Wannan na shaida da idona. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu akwai 'yan mata masu murya kamar sarewa, amma awa ɗaya da fara gwaji sun dishe, balle lokacin hunturu da ƙura ke busar da wuya. Za ka ga jijiyar wuya ta miƙe, kafaɗa ta ɗaga, haɓa ta yi gaba. Nakan sa yarinya ta dafa haƙarƙarinta da hannu biyu, ta ja iska har hannayen su buɗe, sannan ta sake ta a hankali ta tsakanin haƙora ba tare da ƙirji ya faɗi ba. Wasu sai sun yi watanni kafin jikinsu ya gane. Baiwar tana nan tun ranar farko, Kawu, numfashin ne babu.

Kawu na Tudun Wada: To Mama, me za ku ce game da Pretty Yende ta Afirka ta Kudu? Yarinya ce daga ƙaramin gari, tana 'yar shekara 16 ta ji opera a tallan kamfanin jiragen sama a talabijin, ta ce ita ma za ta iya. A 2023 ga ta tana waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a Landan. In ba baiwa ba, mene ne?

Malamar kiɗa: Kawu, ka tsallake tsakiyar labarin. An haife ta a 1985, ke nan wajen 2001 ta ji tallan. Ta yi karatun kiɗa a Jami'ar Cape Town, ta wuce makarantar horar da matasan mawaƙa ta gidan La Scala a Milan, ta ci gasar Operalia a 2011, sai a 2013 ta fara hawa dandamalin Metropolitan. Shekara 12 ke nan. Kuma ba murya kaɗai ake gogewa ba. A Italiya opera ta samo asali wajen 1600, don haka sai ta iya furta Italiyanci, ga Jamusanci ga Faransanci. Sai ta iya karanta rubutun kiɗa, ta haddace rawar da za ta taka a wasan awa uku, ta rera tana tafiya, tana durƙushe, wani lokaci ma tana kwance. Sannan murya ba ta gama nuna da wuri. Manyan rawar da ake takawa a wasa, masu nauyi, akan jira sai mace ta haura talatin.

Hajiya ta Unguwar Rimi: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. A ce ta yi karatun, ina aikin? Nan Kaduna babu gidan opera da zai ɗauke ta da albashi. Uwa ce ni, abin da yarinyar za ta ci nake dubawa.

Malamar kiɗa: Hajiya, tambayarki tana kan hanya, ba zan rufe ta da daɗin baki ba. Farawa dai ana iya yi a gida: akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, ƙungiyar da aka kafa a 1983, akwai sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka. Aikin kansa galibi a waje yake. Jamus tana da gidajen opera kusan 80, da yawansu suna ɗaukar mawaƙa da albashin wata. Wadda ba ta samu haka ba, kowane wasa ake biyanta, ranar da mura ta hana ta hawa kuma yawanci babu kuɗi. Tsawon sana'ar ma ba tabbas. Leontyne Price ta fara a Metropolitan a 1961, ba ta bar opera ba sai 1985. Maria Callas kuwa, duk shahararta, tana da shekara 41 ta yi wasanta na opera na ƙarshe a 1965.

Hajiya ta Unguwar Rimi: To kin gani. Ta fara samun digirin da zai riƙe ta.

Shugabar mawaƙa ta Sabon Tasha: Akwai wadda ta bi wannan hanyar. Omo Bello ta karanci kimiyya a Jami'ar Legas kafin ta tafi makarantar kiɗa ta Paris. Amma ba ta ajiye waƙar tana jira ba, Hajiya, in an ajiye kunne da jiki suna yin sanyi.

Mai situdiyo na Kawo: Batun makirufo na karɓa. Amma da muryar nan za ta fi saurin samun abinci a situdiyo, a bar min wannan.

Kawu na Tudun Wada: Ni har yanzu ina kan bakana a wuri guda: ku kawo wadda Allah bai ba murya ba, ku yi mata shekara ashirin, ba za ta zama Pretty Yende ba.

Malamar kiɗa: Babu wanda ya musa wannan, Kawu. Cewar makaranta ba ta ƙara komai ce muka ƙi. Ka roƙi mahaifinta ya kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, ni da Mama mu saurare ta. Kafin nan ta daina kwaikwayon manyan mawaƙan da take kallo a waya, ta riƙa shan ruwa sosai.

Hajiya ta Unguwar Rimi: Mahaifiyarta ma ta zo. Maganar kuɗin makaranta da zaman Legas a gabanta ya kamata a yi.