Me ya sa soja, jakada da ma'aikacin raya ƙasa ba sa tafiya tare?

Mai Bibiya: Assalamu alaikum. A 2019 Amurka ta yi doka kan ƙasashe masu rauni, wadda ta ce tsaro da diflomasiyya da raya ƙasa su bi tsari ɗaya na shekara 10. Masana, a aikace ina gizo ke saƙa?

Manazarci: Wa alaikumus salam. A takarda rabon aikin a fili yake: ma'aikatar harkokin waje ke jagoranci, USAID, wato hukumar Amurka mai tallafa wa raya ƙasashe, ke aiwatar da ayyukan farar hula, ma'aikatar tsaro ta dafa musu. A 2022 aka zaɓi Haiti, Libiya, Mozambik, Papua New Guinea, sai Benin, Togo, Ghana, Guinea da Kwaddibuwa a dunƙule. Matsalar tana aljihu. Kowace ma'aikata da asusunta da kwamitin majalisar da ke sa mata ido, kuma babban asusun da dokar ta tanada bai wuce dala miliyan 200 a shekara ba. Jakada ba shi da ikon karkatar da kuɗin soja zuwa gina kotu ko rijiya. A Yulin 2025 ma aka rufe USAID, murhu ya rasa dutse ɗaya.

Mai Duba Ayyuka: Malam ya yi gaskiya, amma ni a ganina lokaci ya fi kuɗi ɓata lamarin. A Afganistan an haɗa sojoji da fararen hula cikin tawagogin sake gina larduna tun 2002. A lokacin, kwamanda wata 6 zuwa 12 yake yi a sauya shi, don haka yana son abin da ido zai gani kafin ya tafi. Sai ya gina asibiti. Ba a tambayi ma'aikatar lafiya ba ko tana da albashin ungozoma, ko wa zai riƙa sayen man janareta. Bayan shekara ka tarar da gini da fenti, ƙofa da kwaɗo. Abin da ya kamata: tsaro ya zauna tukuna, 'yan sanda da alƙali su dawo, a sa kuɗin gudanarwa cikin kasafin gwamnatin ƙasar, sannan a ɗora tubali.

Ɗan Sahel: Ku dubi Nijar. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez. Da aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023, dokar Amurka ta wajabta dakatar da yawancin tallafi ga gwamnatin soja, amma sai Oktoba aka yarda aka kira shi juyin mulki, yayin da ake ta lallaɓa zancen sansanin. Tallafin ya tsaya, sojojin Amurka kuma suka kwashe kayansu a 2024.