Taƙaitaccen bayani kan injin Corolla ta 2009 da 2010 da yadda take shan mai

Shawarar da masu motoci da makanikai suka fi haɗuwa a kanta ita ce mai saye ya duba injin kafin ya duba tambarin da ke bayan motar. Corolla ta kasuwar Amurka samfurin LE da XLE da S duk inji ɗaya gare su, mai lita 1.8 da ƙarfin doki 132, saboda haka ƙarin kuɗin da ake biya wa S na ado ne kawai, ba na ƙarfi ba. XRS ce ta bambanta, domin injinta mai lita 2.4 ne, irin na Camry, da ƙarfin doki 158.

A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, ƙaramin injin yana yin kimanin kilomita 11 da lita ɗaya a cikin gari da kusan 15 a babbar hanya, yayin da XRS ke yin kimanin 9 da 13, ko da yake cunkoso da kunna na'urar sanyi suna rage waɗannan alƙaluma. An kuma ja hankali cewa babban injin ya yi suna wajen shan baƙin mai idan ya tsufa, don haka a riƙa duba ma'auninsa akai-akai.